Kwaɗon Ƙofar Baya

Magariba ta kawo jiki, Inna tana kwashe shanya, sai ƙofar ɗaki ta rufe kanta. Ko iska babu. Ƙaurin soso ya cika gidan, irin wanda ya kwanta a unguwa ranar da kamfanin katifa ya ƙone.

Baba ne mai gadin kamfanin. Dokar wurin ita ce, da ma'aikata sun shiga, a garƙame ƙofar baya da kwaɗo, kada wani ya sulale da yadi. Ranar gobarar an aike shi, makullin yana aljihunsa. Cikin gawarwakin da aka tarar a bayan ƙofar har da ta babban ɗansa. Da aka sake gini, aka mayar masa da aikinsa, da sabon kwaɗo.

Tun daga magaribar nan ƙaramar 'yarsu, Auta, ta canza. Rana na faɗuwa, sai ta miƙe ta yi ta dukan ƙofa da tafin hannu har fata ta sale, ko da ƙofar a buɗe take. Ba ta kuka. Tari kawai.

Aka kira Malam. Ya zauna ya daɗe yana karatu, har muryar da ba tata ba ta fito daga bakinta, a dushe. Mai muryar ya ce a ɗakin ajiyar soso yake zaune tun kafin a yi kamfanin, ya san kowa da waƙar da yake yi a bakin aiki. Shi ya fita ta kafar taga. Su ma'aikatan ba su iya ba.

Malam ya yi masa tayin turare da rago. Ya ƙi.

"Baba," in ji mai muryar, "har yanzu kana rufewa."

Baba ya sunkuyar da kai, ya ce in bai rufe ba korarsa za a yi, a sa wani ya rufe.

"Zan fita. Amma duk ranar da ka rufe, da ita a ciki ka rufe."

Auta ta yi atishawa, ta sulale a jikin Inna.

Washegari ma'aikata suka shige, manaja ya ɗaga wa Baba hannu daga nesa, alamar ya rufe. Baba ya rataya kwaɗon a zobe ɗaya, bai haɗa da ɗayan ba, ya danna shi ya yi ƙara. Sannan ya jawo bencinsa ya zauna, ya tare wurin da bayansa. Ko ruwa bai tashi sha ba har aka tashi aiki.