Murya ta Huɗu

Mrs Pritchard, tsohuwar da nake jinya a unguwar Gorton, 'yar yankin Wales ce. Ta manta sunayen 'ya'yanta, amma ba ta manta waƙoƙin cocinsu ba.

"Azara, mu huɗu ke rera wannan," in ji ta. "Ukun sun rasu, amma ba sa yarda a bar gurbi."

Na ce, "To, Mama." Na ɗauka ruɗin tsufa ne.

Ran nan da magariba ina gyara mata filo, ta ɗauko waƙar da yarensu na Welsh. Sai muryoyin maza suka amsa daga bayana. Na waiwaya, na ga tsofaffi uku cikin baƙaƙen kwat, suna warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Baiti bayan baiti, ba wanda ya tsaya ya ja numfashi.

Hannunta ya saki a cikin nawa. Leɓɓanta suka daina motsi, amma muryar macen ba ta yanke ba.

Na so in yi a'uziyya, harshena ya ƙi. Tsofaffin ba ita suke kallo ba. Na dafa maƙogwarona, na ji daga nan waƙar ke fita.