Wuƙar Umara da Jingar da Aka Fasa

Ranar Asabar da hantsi aka kawo wa Sufeto Muttaka rahoto a ofishinsa na Hadejia. An fasa jingar da ke tare ruwan kogi a wani ƙauye gefen Auyo, ruwa ya shanye shinkafar gidaje goma sha ɗaya. Mutanen gari sun ce sun riga sun kama mai laifi.

Sufeto ba ya son jin wannan magana ko kaɗan. Duk inda jama'a suka riga shi gano mai laifi, yakan tarar an kumbura wa wani bawan Allah ido.

Haka kuwa ya tarar. Da shi da Sajan Ayuba suka yi tafiya a babur, suka ƙarasa a kwalekwale. A ƙofar gidan Bulama, mai garin, suka iske wani dattijon masunci zaune a ƙasa, ido ɗaya a rufe don duka. Umara sunansa. Duk damina yakan kafa bukka a tudun da ke kusa da jingar. In laifin nan ya hau kansa, gidan yari zai ƙare, kuma ya yi sallama da kogi ke nan.

"Jiya aka yi ɓarnar, muna masallacin Juma'a," in ji Bulama. "An farke buhunan yashin jingar da wuƙa. Ga wuƙarsa nan, ranka ya daɗe, har zaren buhu muka samu a cikin kuben."

Sufeto ya zare ta. Kai, wuƙa ce ta gaske! Tsawonta ya kusa kamu ɗaya, bayanta da kauri, ƙarfen ya zarce har ƙarshen mariƙin. Ya auna ta a tafin hannu, ya ji nauyin ya rinjaya gaba.

"Baba, me kake yi da ita?"

"Komai, yallaɓai. Da ita nake faskare, da ita nake gyaran kifi, da ita na sari sandunan bukkata. Maƙerin Hadejia ya ƙera min ita da ƙarfen mota, shekara goma sha bakwai ke nan."

"Jiya tana ina?"

"A bukka. Ba na shiga masallaci da makami, kowa ya sani."

Sufeto ya juya wuƙar ta fuskanci rana. Tsatsa ja, sabuwa, ta yi ɗigo-ɗigo a jikinta, kaifin kuma ya dakushe tun daga tsini har tsakiya. Umara ya leƙo ya gani, sai hawaye suka zubo masa. Mutumin da aka ce bai yi kuka ba lokacin duka.

"Wa ya mayar min da ita kube da danshi? Wallahi ko buhu zan farke, ba zan cusa kaifina a yashi ba."

Wannan ya tsaya wa Sufeto a rai. Amma hawaye ba hujja ba ne a gaban alƙali, ya san da haka.

Suka tafi bakin jingar. Ya duba buhunan da suka rage, ya ga soka wuƙa aka riƙa yi da ƙarfi, ana ja. Ya ce Sajan ya ba shi hankici, ya naɗe hannunsa ninki uku, ya jiƙa da ruwa. Sannan ya kama wuƙar ya soka ta a wani buhu mai cike. Tsinin ya cije a yashi, hannunsa ya zame ya hau kaifin. Da ya kwance hankicin, ninki biyu sun yanke.

"Ka gani, Sajan? Wuƙa ce mai kyau don sara da yanka, amma ba ta da abin tare hannu. Mai ita ya san halinta. Wanda bai saba da ita ba, sai ta ci yatsunsa."

Ya juya wajen Bulama. "Da aka fasa nan, gonar wa ruwa ya janye daga cikinta?"

Bulama ya ce, "Ta Sunusi. Amma ai shi ya fara nuna mana bukkar Umara."

Aka kira Sunusi. Ya zo da fara'a, hannun dama a cikin aljihun riga. Sufeto ya miƙa masa hannu, shi kuma ya miƙo tsintsiyar hannun hagu.

"Malam Sunusi, jiya a wane sahu ka yi salla?"

"Na baya, yallaɓai. Na makara."

"Wa ke gefenka?"

"Ban lura ba."

"Fito da hannun nan."

Yatsu huɗu ne ɗaure da tsumma, yankan ya bi ta cikinsu a jere.

"Lauje ne," in ji Sunusi.

"Lauje? Shinkafar da ko kai ba ta fitar ba kake yanka?"

Sunusi ya dubi hannun nasa. Can sai ya durƙusa.

"Ruwa ya kai wa shinkafata wuya, yallaɓai. Da an ƙara kwana biyu kacal, da na rasa komai. Na ce in ɗan rage shi ne, ban san zai ɓalle haka ba."

"Na ji wannan. Shi kuma dattijon, me ya yi maka da ka tsaya ana dukansa?"

Sunusi ya kau da kai. Sajan ya sa masa ankwa. Mutanen da suka yi dukan kowa ya sunkuyar da kai, abin kunya bai yi daɗi ba.

Da aka zo ƙetarewa, mai kwalekwalen da ya kawo su ya tafi. Na Umara kaɗai ne a bakin ruwa. Sufeto ya ji nauyin tambayarsa, amma dattijon ya riga ya kwance igiya.

Suka ratsa ta kan gonakin da suka nutse, ganyen shinkafa yana gogar cikin jirgin. Sunusi ya karkata gefe yana kuka, jirgin ya yi tangal-tangal.

"Zauna daidai, ɗana," in ji Umara, bai daina tuƙi ba. "Hannunka a ɗaure yake, ruwan da ka saki kuma ya fi ƙarfin tsayinka."