Ninkin da Ba na 'Yata Ba

Dab da magariba na koma ɗakin marigayiya 'yata in ɗauko buhun ƙarshe. Mai motar kaya yana ƙofar gida yana ta danna hon.

"Ya jira," na ce wa surukina. "Kayan ba ƙafa gare su ba."

Tun da aka binne ta, mijin nan nata ya hana a taɓa ko tsinke. Kwanuka, takalma, kwalaben turare, akwati kan akwati, har suka malalo falo suka cinye kujeru. Ba wurin da za a zauna a ci abinci tare. Shi yana cin nasa a tsaye a kicin. Jikata kuwa, 'ya ɗaya tilo da marigayiyar ta bari, da yamma ta yi sai ta shige ɗakin uwar ta rufo ƙofa. Ta daina cin abinci. Ƙashin wuyanta ya fito, idanu suka faɗa. Likita ya ce bai ga komai ba. Ni ban san karatu ba, amma na san gidan da kayan mamaci suka hana masu rai numfashi.

Shi ya sa na zo da tsintsiyata da buhuna.

"Inna, ki bar mana ko tufafinta," in ji surukina.

"Tufafin ne za su sa 'yarka ta ci abinci?"

Jikata ta harare ni. "Tsohuwa mai ran ƙarfe. Ke ko kuka ba ki iya ba."

"Na iya shara. Ita ake bukata a gidan nan."

Wuni na yi ina kwasa, ban bar hannuna ya daɗe a kan komai ba. Saura tufafin kawai, su ma da hannuna na cusa su a buhu.

Yanzu da na dawo ɗaukar buhun, na tura ƙofa.

Ƙamshin man gashin 'yata ya buge ni. Sabo, kamar yanzu aka buɗe kwalbar. Alhali da safe na jefa ta a shara.

Buhun yana ƙasa, wayam.

Durowar kaya a buɗe, cike taf. Zane kan zane, an jera.

Sai na ji ƙarar mataji. Shaf. Shaf. A hankali, yadda ake yi wa yaro mai tsoron kitso.

Jikata tana zaune a ƙasa inda gado yake a da, ta sunkuyar da kai, ido a rufe, tana murmushi. Babu kowa a bayanta. Amma gashinta yana tsagewa da kansa. Kitso yana tafiya, siriri, daga goshi zuwa ƙeya.

"Inna."

Muryar 'yata ce. Har da 'yar dishewar nan.

"Inna, bar min kayana. Sanyi nake ji."

Wallahi na buɗe baki zan ce to. Wace uwa ce za ta ji haka ta hana?

Sai idona ya koma kan durowa. Kowane zane an ninke shi baki da baki, an danne, ba lanƙwasa ko ɗaya. Ni na haifi yarinyar nan. Na yi faɗa, na yi lallashi, har ta yi aure ta haihu ba ta taɓa ninke zane daidai ba. Dunƙulewa take ta cusa, ta danne ƙofa da gwiwa tana dariya.

"Ke ba 'yata ba ce," na ce a hankali. "'Yata ba ta iya ninki ba."

Mataji ya tsaya.

Ƙofa ta rufe, garam.

Ƙamshin ya juye ya zama warin rijiyar da aka daɗe ba a buɗe ba.

Na yi a'uziyya, na cafki hannun jikata na ja. Jikinta ya taso, kanta ya ƙi. Wani abu yana riƙe da jelar kitson, yana janta baya wajen durowa.

Ta buɗe ido. "Kaka, sake ni! Mamata ce!"

Zannuwa suka fara sulalowa ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. Wani ya naɗe min idon sawu. Sanyi ƙalau.

"Inna," in ji muryar, dab da kunnena, tana kuka. "Har ita ma za ki raba ni da ita?"

Almakashin da nake yanka igiyar buhu yana soke a ƙuguna.

Na zaro. Na datse gashin.

Muka faɗi tare. Surukina ya banke ƙofa da kafaɗa, ya ja mu waje. Ban waiwaya ba.

Washegari ni da ban taɓa zubar da ko tsumma ba, na ƙona tufafin nan kaf. Ba zan ba wa 'yar wani su ba. Aka buɗe tagogi, aka yi fenti. Yanzu falo ya samu wurin zama, uba da 'ya suna cin abinci a kwano ɗaya. Kumatunta sun dawo. Gashin ma yana tohowa.

Amma ba ta ƙara tsokanata ba. Ba ta ƙara ce min tsohuwa ba. In na shigo, sai ta tashi ta bar wurin.

Jiya na zuba mata abinci, ta karɓa ba ta dube ni ba.

"Ke kika kori Mamata," ta ce.

"Ni ce," na ce. "Cinye, akwai ƙari."

Ta cinye. Na ɗauki kwanon na tafi kicin, na sakar masa ruwan famfo da ƙarfi, don kada ta ji ni.