Ƙofar da Nomau Ya Toshe

Ku matso kusa. Ke Lantana, daina kaɗa ƙafar nan, ki saurara.

Kun san tsohon ɗakin taron Kwarin Maje, wanda ke bayan kasuwa. Kakanninmu ne suka gina shi da hannunsu, don tunawa da mazan garin da aka kwasa zuwa yaƙin Bama a zamanin Turawa ba su dawo ba. Yana da wata 'yar ƙofa ta gabas da ba a taɓa sa mata ƙyaure ba, domin a garin nan ba a rufe wa matafiyi ƙofa sai ya dawo.

To, sai aka ce za a mai da ɗakin ma'ajiyar taki. Aka nemi maginin da zai toshe ƙofar, kowa ya noƙe, sai Nomau. Shi kuwa Nomau kunnen ƙashi gare shi. Kakarsa Cima har ta mutu kullum safiya tana share bakin ƙofar nan, shi yana yi mata dariya.

Ya zaɓi rana tsaka, lokacin da ba mai ganinsa. Saboda zafi, ya tsaya daga ciki yana jera bulo. Yana ɗora na ƙarshe, ɗakin ya yi duhu. Ya nufi babbar ƙofa. Ya ja, ta ƙi. Ya buga, ko ƙara ba ta yi ba. Tagogin kuwa duk an sa musu sandunan ƙarfe. Ya ƙwala kira, muryar ba ta wuce leɓensa ba.

Sai ya ji ɗigar ruwa. Bazara ce fa, rijiyoyi ma sun ƙafe.

A bencin baya ga mutane zaune a jere, cikin kakin soja da ya ruɓe. Ƙafafunsu ba takalmi, jiƙe sharkaf da wani baƙin taɓo da babu irinsa a ƙasarmu. Kuma ba sa taɓa ƙasa.

Ɗaya ya miƙe. Yana gaban Nomau, amma muryarsa daga bayan ƙeyar Nomau take zuwa.

"Kai ka rufe?"

Nomau ya ce aiki aka sa shi. Mutumin ya ce nan suke shigowa su huta, suna jiran ranar ƙarasawa gida. Tunda ya rufe, sai ya zauna a yi jiran tare. Aka matsa masa wuri. Ƙafafunsa suka kai shi da kansu, ya zauna. Sanyi ya kama tafin ƙafarsa yana hawa. Duk taurin kansa, in na zo nan tausayi yake ba ni.

Na kusa da shi ya juyo, saurayi ne, ko gemu bai tsiro ba. Ya tambaye shi ɗan gidan wa ne. Nomau ya ce jikan Cima ne.

Saurayin ya ce ai Cima matarsa ce.

"Da ciki na bar ta. Me ya sa ta daina shara?"

"Ta rasu, Kaka."

"Kai ta bari ke nan."

Nomau ya fashe da kuka. Saurayin ya ture shi daga bencin, ya ce ya yi sauri, simintin bai bushe ba. Da rarrafe Nomau ya isa ƙofar da ya toshe, da farce ya ƙwaƙule bulon har yatsunsa suka yi jini. Haske na shigowa ya waiwaya. Ba kowa a bencin, sai ruwa kwance a ƙarƙashinsa.

Buhun taki ko ɗaya bai shiga ɗakin ba, Nomau ya tsaya kai da fata. Kullum safiya yana can da tsintsiya, ƙafarsa ta dama kuwa har yau a jiƙe take.

Kada ɗayanku ya shiga ɗakin nan shi kaɗai da rana tsaka. In kuma aka matsa maka wuri a benci, kada ka zauna.