Ba A Godiya Sai An Ƙoshi

Abu biyu ne ba sa mutuwa a kicin ɗin Doña Eduvina da ke garin Castro: wutar murhu da bakinta. Ranar ma haka abin yake. Ana tsuga ruwan sama a waje, irin namu na tsibirin Chiloé da ke kudancin ƙasar Chile, wanda duk mai ce maka ya ga wanda ya fi shi a wata ƙasa ƙarya yake yi. Ita kuwa tana gefen murhu da buta a hannu tana zagayawa da mate, shayinmu na ganye da ake sha a ƙoƙo ɗaya. Ta tsiyaya ruwan zafi a kan ganyen da ke cikin ɗan ƙoƙon, ta miƙa wa ɗanta Heraldo. Ya zuƙe da tsinken ƙarfe mai rami da ke ciki har ya yi ƙara, ya mayar mata bai ce uffan ba. Ta sake cikawa, ta miƙa wa matarsa Fresia.

Fresia ko kallon ƙoƙon ba ta yi ba. "Na gode, Mama," ta ce.

To, ko yaron goye a nan ya san ba a godiya a kan mate sai an ƙoshi. In ka sha ka mayar shiru, an san kana jiran wani zagayen. In ka ce na gode, ka fita daga sahu ke nan. Fresia kuwa tun da aka binne 'yarsu Isolina take faɗin wannan kalma tun kafin ƙoƙo ya taɓa hannunta.

"Ka ji da kunnenka," in ji tsohuwar, idonta a kan ɗanta. "Ta ƙoshi da mu. To, mu ma mun gode."

Isolina shekararta uku. Gidan irin na bakin ruwa ne mai tsaye kan ƙafafun itace, kuma a bayansa ta zame ta faɗa ruwa wata rana da teku ta ciko, lokacin Heraldo yana can gonar kifi inda yake aiki. Daga ranar Doña Eduvina ba ta bar maƙwabci ko ɗaya ba sai da ta gaya masa cewa uwar da idonta ba ya kan 'yarta ba uwa ba ce. Fresia ba ta taɓa musawa ba. Ba ta kuka, ba ta faɗa, tana dai wanke kwanuka ta goge, ta sake wanke waɗanda ta goge.

Tun kafin wannan rashi Heraldo ya kama musu gurbi a jirgin yawon buɗe ido mai bi ta tsakanin tsibirai har Puerto Natales, garin su Fresia. Ya cika unguwa da alfahari, har mai sayar da gawayi sai da ya san lambar ɗakinsu. Yanzu da lokacin ya zo, kowa ya ga hanya a ciki. Uwarsa ta ja shi bayan ƙofa ta ce ya kai ta, ya ajiye ta wurin danginta, ya dawo shi kaɗai, mata ba su ƙare ba a tsibirin. Yayan Fresia, Nibaldo, shi ma ya bugo waya ya ce zai tsaya a bakin tasha da mota, ƙanwarsa ta gama zaman gidan da ake kiranta mai kisan kai. A karon farko tun ɗaurin aure, dangin biyu suka yi baki ɗaya.

Da aka tambayi Fresia, sai ta ce duk yadda aka yi daidai ne.

Suka shiga jirgi a Puerto Montt. Suna buɗe ɗakinsu suka tarar da gado na uku, ɗan ƙarami, an ɗora masa bargo mai hoton kifaye. Heraldo ya manta bai gaya wa mutanen jirgin rasuwar Isolina ba. Suka tsaya suna kallonsa. Can Fresia ta ɗauki akwati ta ɗora a kai, ba wanda ya sake ambatarsa.

Rayuwar jirgi ba ta da wuyar koyo. Da safe a kaɗa ƙararrawa, a ci burodi da ƙwai. Da rana miyar kifi. Tsakanin nan lasifika ta yi ta sanarwa, ga kifi mai feso ruwa ta dama, ga karnukan teku a kan dutse ta hagu, fasinjoji su kwasa a guje da kyamarori kamar kajin da aka watsa wa tsaba, su dawo hanci ya yi ja. Fresia tana zaune bakin taga cikin kwat ɗinta, hannaye a aljihu. Duwatsu masu farin kai suna wucewa, tana kallonsu kamar yadda ake kallon bango. Ba da jimawa ba netwok ya ɗauke, wayoyin su biyun suka yi shiru. Heraldo ya ce a ransa ashe akwai inda muryar uwarsa ba ta kaiwa.

Kowace safiya sai ya cika flas da ruwan zafi, ya ja ta zuwa bayan jirgi inda iska ba ta da yawa. Ya gyara ganye, ya sha na farko mai ɗaci kamar yadda mai zubawa ke yi, ya cika na biyu ya miƙa mata.

"Ungo, 'yar tsohuwa," ya ce, da sunan wasan da yake kiranta.

"Na gode."

Sai ya shanye shi kaɗai. Mate na mutum ɗaya kuwa ruwan ɗaci ne kawai. Gobe ma ya sake cika flas.

Heraldo dama ɗan iska ne a wajen tsokana, da ita ya sace zuciyar Fresia tun farko. Ya ga ko zai gwada tsohon makami. Ranar da za a ratsa tekun Penas, wadda ba a banza aka sa mata sunan baƙin ciki ba, ya sami wasu 'yan Santiago, babban birni, masu sababbin huluna suna tambayar maganin jiri. Ya gyara murya ya ce shi jikan matuƙa ne, kuma sirrin ɗaya ne tak: ɗanyen dankali a aljihun hagu, ban da na dama, na dama ƙara abin yake. Kafin azahar magana ta zagaye jirgi. Kuku ya fito yana rantsuwa an yashe masa rabin buhu. Da igiyar ruwa ta fara ɗaga jirgin tana bugawa, sai ga manyan mutane, lauyoyi da likitoci, sun yi layi a bakin ƙarfe suna amai, kowa hannunsa dafe da aljihun hagu. Heraldo ya koma ɗaki yana ƙyaƙyata dariya, ya ba ta labari har da kwaikwayo. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To." Dariyar ta mutu a bakinsa. Ya zauna a gefen gado, jirgi na jijjiga su, akwatin da ke kan ɗan gadon yana zamewa yana dawowa.

Bayan an fita daga Penas ruwa ya kwanta, jirgin ya tsaya a Puerto Edén, ƙauyen da ba shi da titi sai gadojin katako a saman ruwa. Aka sauke fasinjoji su miƙe ƙafa. Fresia na tafe a bayan mijinta kamar wadda ake ja da igiya, sai ga wata ƙaramar yarinya 'yar ƙauyen da takalmin roba ruwan ɗorawa ta zo a guje ta bi gefen katako. Kafin Heraldo ya waiwayo, Fresia ta yi tsalle ta cafke hannun yarinyar, ta riƙe gam har yarinyar ta fasa kuka. Uwar ta leƙo daga taga tana dariya, ta ce a sake ta, ai a kan katakon nan aka haife ta, ta fi kyanwa iya tafiya a kansa. Da ƙyar Heraldo ya ɓamɓare yatsun matarsa. Fuskarta kuwa tana nan yadda take.

Washegari da yamma jirgin ya isa gaban dutsen ƙanƙara. Kowa ya tafi gaba, ana raba giya da ƙanƙarar da aka ce ta girmi kakannin kowa, duk lokacin da wani ɓangare ya ɓalle ya faɗa ruwa sai a yi tafi kamar an ci ƙwallo. Su biyu kaɗai ne a baya. Heraldo ya zuba mate, ya miƙa, yana jiran kalmar da ya saba ji. Wannan karon ba ta zo da wuri ba.

"Ka san abin da nake yi lokacin da ta faɗa?" Fresia ta tambaya, idonta a kan ruwa.

Ya ce bai sani ba, kuma ba dole ne ta faɗa ba.

"Mate nake sha. A kicin, da Mama da ƙawayenta. Na ji shiru ya yi yawa a waje, na yunƙura zan tashi, Mama ta ce in zauna, ba a gama zagaye ba, yarinya tana nan bakin ƙofa. Ta miƙo min ƙoƙo." Ta numfasa. "Kalma ɗaya ce, Heraldo. Da na ce na gode, da na tashi. Amma na ji kunyar in faɗa wa surukata a gaban baƙi. Na karɓa na sha."

Can gaba wata ƙanƙara ta faɗi, aka yi tafi.

"Shi ya sa nake faɗa yanzu. Ina ta faɗa, amma ba ya komawa baya."

Heraldo ya juyo ya dube ta. Ruwan da ke cikin ƙoƙon ya huce a hannunsa. Ya tambaye ta don me ta bari ana zaginta a gari alhali ba ita kaɗai ce a kicin ɗin ba. Ta ce tsohuwar ta riga ta rasa jika, ba ta ga amfanin ta rasa ɗa ba. Sai ya zubar da ruwan a teku, ya sa hannunta cikin aljihunsa tare da nasa, suka tsaya har sanyi ya kore su ciki.

Da safiyar da aka hango rufin gidajen Natales, netwok ya dawo, wayoyin jirgin duka suka ɗauki ƙara lokaci guda. Nibaldo ya turo saƙo cewa yana tasha. Wayar Heraldo kuwa uwarsa ce ke kira. Ya ɗauka a gaban Fresia. Doña Eduvina ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba, ta hau zuba: ya ajiye ta, kada ya saurari dangin nan, ya hau jirgin sama ya dawo, ta ma riga ta yi magana da wata 'yar mutunci a coci.

Ya bar ta ta kai aya, sannan ya ce, "Mama, na gode."

"Ka gode da me? Ban gama ba."

"Na sani. Amma na gode, Mama."

'Yar tsibiri ce, ta gane. Da ta sake magana, muryar ba irin wadda ya sani ba ce, ta zama ƙarama kamar ta yarinya.

"Ta gaya maka?"

"Jiya."

Sai ya ji kuka, irin wanda bai ji ta yi ba ko ranar jana'iza. Cikin kukan take cewa ita ce ta ce a zauna, ita ce, kullum da hannunta a kan buta take tunawa, ba ta san inda za ta ajiye abin ba sai a kan yarinyar mutane. Ta roƙi ya ba Fresia wayar. Fresia ta girgiza kai. Heraldo ya ce wa uwarsa ba yau ba, ta yi haƙuri, ita ma an yi haƙuri da ita.

Jirgi ya fara matsawa jikin tasha. Ga Nibaldo can tsaye jikin motarsa ya harɗe hannu, fuska kamar an aiko shi karɓar gawa. Fasinjoji na jan akwatuna. Heraldo ya duba flas, da sauran ruwa mai ɗumi. Ya gyara ganye, ya sha na farko, ya cika na biyu.

"Ungo, 'yar tsohuwa. In kin ce na gode, ni da kaina zan kai miki akwati mota."

Fresia ta zaro hannu daga aljihun hagu don ta karɓa, sai ga ɗanyen dankali ya biyo hannun ya faɗi a kan katako, ya gangara. Suka bi shi da kallo.

"Kai ka saka min?"

"Tun kafin Penas. Kin ga kuwa ba ki yi amai ba."

"Maƙaryacin banza," ta ce. Ba dariya ta yi ba, amma gefen bakinta ya motsa.

Ta karɓi ƙoƙon da hannu biyu. Ta sa tsinken a baki, ta zuƙa a hankali, hawaye na gangarowa suna haɗuwa a haɓarta, ta ci gaba da zuƙa har ƙoƙon ya yi ƙara. Ta miƙa masa. Ba ta ce komai ba.

Heraldo ya tsaya yana jira, ko kalmar za ta biyo baya. Ba ta biyo ba. Ya sake cikawa, har ruwan ya zube masa a takalmi.

Nibaldo ya gaji da jira ya hau jirgin da kansa, ya zo da maganganun da ya tanada tun daga gida. Ya tarar da su a zaune a kan akwati ɗaya, ƙoƙo na kai da kawowa. Ya buɗe baki, sai ƙanwarsa ta miƙa masa mate ta ce, "Zauna, Yaya." Ya dube ta, ya dubi mijin, ya zauna ya sha, ya mayar shiru.

Dangi suna da haƙƙi, amma ba kowane ƙoƙo da suka miƙo ake shanyewa ba, wani lokaci girmamawar ita ce a ce na gode a tashi. Wanda kuma yake ƙaunarka, ko ka kore shi da godiya kullum, gobe zai sake ɗora ruwa a wuta. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, Heraldo kuwa da ruwan flas ya dafa nasa.