Usur Uku a Gindin Ɓaure

Ran nan da almuru, a wani ɗan gida mai ɗaki biyu bayan tashar ƙarshe, Zannuba ta sauke tukunyar wake, ta yayyanka albasa, tana jiran mai gidanta. Zamanin taram mai tururi ne, tun ba a kafa turakun lantarki a hanyar gabas ta Iskandariyya ba. Shekarar ta ɓace mini, kamar yadda abubuwa da yawa ke ɓace mini yanzu. Mijin nata Shahata, wanda ake ce wa Usta, wato gwanin aiki, shi ke tuƙa injin da ke jan tarago uku daga cikin gari zuwa unguwannin rairayi. Ya shigo wuyansa baƙi ƙirin da kwal, ya wanke hannu, ya zauna. 'Yarsu tilo, Nafusa, budurwa mai shekara goma sha shida, ta kawo burodi.

Sai wani abu ya faɗo tsakiyar kwano. Dunƙulen kwal ne, yana hayaƙi.

"Baban Nafusa, yanzu har cikin abinci za ka kawo mana aikin naka?" in ji Zannuba.

"Ke dai ba ki rasa abin faɗa. Wuta nake yawo da ita a aljihu?"

Na biyu ya faɗo kusa da ƙafarsa. Na uku ya fasa kwalbar fitila. Suka ɗaga kai, rufi lafiya lau, ko kafar allura babu. Ladan ya riga ya yi shiru, kyanwoyin lungu ma suka yi shiru, sai wani huci siriri da ke fitowa daga kusurwar ɗaki, irin na tukunyar da ta kusa tafasa.

Haka aka dinga yi kullum rana ta faɗi. Rana ta bakwai, ko ta tara ce, hucin ya bar kusurwa ya koma bakin Nafusa. Ta zauna ta haɗa kai da gwiwa tana huci ta tsakanin haƙora. Bororo ya feso mata daga wuyan hannu har kafaɗa, alhali ko kusa da murhu ba ta je ba. Ba ta taɓa ƙarfe ko da cokali ne, ba ta tsallake mabuɗi in ya faɗi ƙasa. Zannuba ta rufe taga, ta ce wa maƙwabta zazzaɓi ne, don yarinyar da aka ce an taɓa, ko ta warke bakin mutane ba ya warkewa.

Shi kuwa Shahata ya sani. Tun dunƙulen farko ya sani, ya ƙi faɗa.

Akwai wani tsohon ɓaure inda layin dogo ya yi kwana, rairayi kan rufe ƙarfen a wurin. Nan direbobi ke zubar da tafasasshen ruwan tukunyar inji a sawun ƙarshe kafin magariba. Tsohon da ya koya wa Shahata tuƙi, Allah ya jiƙansa, sunansa na bakina ya ƙi fitowa, ya ɗora shi a kan ƙa'ida guda: ka ja igiyar usur sau uku, ka ɗaga murya ka ce, "Gafara, masu wuri!" ka ɗan saurara, sannan ka buɗe famfo. Shekara goma sha tara yana haka. Daga baya attajiran auduga suka gina manyan gidaje a gefen, suka kai kuka wai usur na hana su shan iskar yamma. Sufeton kamfani ya manna takarda: wanda ya busa a wurin, a bakin aikinsa. Shahata ya daina. Gafarar yakan faɗe ta ƙasa-ƙasa, ƙarar inji ta haɗiye.

Da ƙunar ta kai wuyan yarinyar, ya je ya durƙusa gaban Shehu Abul-Fadil, wani dattijo mai raunin gani da ke karantarwa a wani ƙaramin masallaci kusa da kasuwar kifi. Ya ce zai ɗauke shi a taram kyauta.

"A'a, ɗana. Jakina bai taɓa ƙona kowa ba."

Shahata ya sunkuyar da kai. Bai gaya masa komai game da ƙuna ba tukuna.

Shehun ya iso rana na shirin faɗuwa. Ya sa aka kwashe duk wani ƙarfe daga ɗakin, ya zauna nesa kaɗan da yarinyar, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Duhu ya taru a ɗakin sannu a hankali. Sai hucin ya tsaya cak. Nafusa ta ɗago kai, amma idanun da suka dubi Shahata ba su san shi uba ba.

"Wane ne a nan?" in ji Shehu.

"Uwa ce." Muryar ta tsohuwa ce, a dishe, kamar wadda ta kwana bakwai tana kuka.

"Musulma?"

"Tun kakanka bai iya tsarki ba."

"To me ya haɗa ki da 'yar mutane?"

"Tambayi mai tukunya. Sun shimfiɗa ƙarfe tsakaninmu da rijiyarmu, muka yi haƙuri. Wuri ɗaya muke iya tsallakawa, inda rairayi ya rufe. In mun ji kuka uku, sai mu riƙe hannun yara. Ran nan ba mu ji ba. 'Yata tana gaba, ɗauke da tulu."

Zannuba ta toshe baki da mayafi.

"Tana raye?" in ji Shehu.

Nafusa ta girgiza kai. Shehu ya yi salati a hankali.

Shahata ya matso da gwiwa. "Baiwar Allah, wallahi hana ni aka yi. Takarda aka manna. Ki je wa sufeto, ki je wa masu benaye!"

Aka yi wata 'yar dariya da bakin 'yarsa. "Su ba su san da mu ba. Me zan ce wa wanda bai taɓa yi mini sallama ba? Kai ne ka sani. Shekara goma sha tara muna cewa wannan maƙwabcin kirki ne. 'Ya a bakin 'ya, mai tukunya."

"Ba haka shari'a ta ce ba, kin kuma sani," in ji Shehu. "Kisan kuskure ba a rama shi da rai, balle ran wadda ba ta ci ba ba ta sha ba. Faɗi diyya. Rago?"

"In yi me da jini?"

"Ya yi azumin wata biyu."

"Wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Ni fa?"

Shehu ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Jikin yarinyar ya ɗauki rawa, muryar ta yi ƙara ta ce ya isa, ya isa. Shehu ya dakata.

"An binne 'yata ba wanda ya ji," ta ce daga ƙarshe. "Ina so a ji. Magariba uku a jere, ya tsaya gindin ɓaure ya busa sau uku, doguwa, yadda masu benaye za su tashi daga kujerunsu. Shi ke nan ta'aziyyata. In ya tsallake ɗaya, na dawo, kuma ko kai ba ka fitar da ni."

Shehu ya juya wajen Shahata. "Usta, ka ji. Ka san abin da zai biyo baya?"

"Na sani, Allah gafarta Malam."

Ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani ya rantse. Nafusa ta yi atishawa, babban yatsan ƙafarta na hagu ya karkaɗa, ta zube a jikin uwarta tana barci.

Ranar farko ya busa, sufeto ya kira shi ofis, ya ce ashe bai iya karatu ba. Rana ta biyu wani bawan gidan attajiri ya jefe shi da ɓawon kankana, fasinjoji na dariya. Rana ta uku sufeto ya hau injin da kansa ya tsaya a bayansa. Da suka kai kwanar, Shahata ya tsayar da inji, ya kama igiya.

"Ka taɓa ta, ka sauka ke nan," in ji sufeto.

Ya ja. An ce har masunta a bakin teku sun ji. Ya ja ta biyu, ya ja ta uku, ya ɗaga murya ya nemi gafarar masu wuri. Sannan ya cire hularsa ta aiki ya ajiye kan tarin kwal, ya sauka, ya bi gefen dogo a ƙasa har gida.

Nafusa ta warke sarai, ko tabo bai zauna ba, kuma ba ta tuna komai sai zazzaɓi. Iyayen suka bar ta a haka. Shahata ya koma dakon buhunan auduga a bakin jirgin ruwa, yana da shekara hamsin, a ma'ajiyar ɗaya daga cikin masu benayen nan, in ban manta ba. A unguwa aka sa masa suna Shahata Usur, aka ce zafin tukunya ne ya dafa masa ƙwaƙwalwa.

Na san Nafusa da tsufanta, tana sayar da tafasasshen wake kusa da tashar, jikoki kewaye da ita. Wata rana na ce mata mahaifinta mutumin kirki ne. Ta ci gaba da juya ludayi, ba ta ko dube ni ba.

"Allah ya jiƙansa dai, Malam," ta ce. "Amma mutum ne da ya watsar da abincin gidansa don wasan yara. Har ya mutu ban ji dalili ba."

Na buɗe baki, sai na tuna uban bai faɗa ba, uwar ma ba ta faɗa ba. Na karɓi wakena na tafi.