Hawa Bakwai da Rabi

Ranar Laraba ce, rana ɗaya tak da kamfaninsu ya bari ana zuwa ofis, kuma a duk sashensu ita kaɗai ke zuwa. Ta shiga lif rungume da jakar kwamfuta da wani littafi da ta riga ta karanta sau uku, ta danna tara. Lif ya wuce bakwai, ya yi wani ƙugi, ya tsaya cak.

Ta danna jan maɓalli har yatsanta ya yi zafi.

"Ana ji, ana ji," in ji wata murya daga 'yar lasifikar bango. "A tausaya wa maɓallin nan, shi kaɗai ya rage mai lafiya. Mutum nawa ne a ciki?"

"Ni kaɗai ce. Ba na iya numfashi."

"Kina iyawa mana, ga shi kina magana. Ja iska, mu ƙirga huɗu tare. Ɗaya, biyu..."

Suka ƙirga. Da zuciyarta ta ɗan lafa ta tambaye shi a hawa na nawa take.

"Bakwai da rabi. Babu ofishin kowa a nan, amma an yi miki maraba."

Bayan minti ashirin ƙofar ta buɗe. Takalmansa ta fara gani, sannan hannu mai baƙin mai ya miƙo mata, sannan fuskar makaniken ginin, dogo mai tabo a gira. Ta manta ta yi godiya. Ta manta da littafinta ma a ƙasan lif.

Da yamma saƙo ya shigo, don lambarta na rubuce a bangon littafin.

"Bakwai da Rabi, littafinki yana hannuna. Na kai shafi na arba'in. In kina so ya dawo lafiya, ki faɗa min ko mutumin nan zai dawo gida."

Ta goge amsarta sau biyar kafin ta tura: "Ba na faɗar ƙarshen labari, Mai Lif."

Tun da aiki ya koma gida, Baba da kansa ya sa kafinta ya yi mata tebur tsakanin gado da kabad. Tagar ɗakin bangon maƙwabta take kallo. Nan take tashi, nan take mitin, nan take cin abinci, nan take kwanciya tana kallon kujerar da za ta koma gobe. Mama takan leƙo ana tsakiyar taro ta ce, "Tunda kina gida, ɗan duba min tukunya." Baba kuwa alfahari yake yi da ita: 'yarsa ba ta shan rana, ba ta rububin mota.

Laraba ce kawai tagarta. Ginin ya yi shiru, hawa huɗu a kulle, mai sayar da shayi na ƙofa ya tattara ya tafi, amma akwai Mai Lif. Yakan raka ta har hawa tara, su tsaya a bakin babbar taga suna kallon titin da motocinsa suka ragu.

"Kowa gudun wurin nan yake, ke kina zuwa," ya ce mata wata rana.

"Kai ma ai ba ka gudu ba."

"Ni in na gudu, wa zai fito da ke?"

Da ya aiko yayansa neman izinin zuwa gaisuwa, Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya girgiza kai.

"Mai gyaran lif a ginin da ba a hawa? Gobe a rufe shi, sai ya gyara me, tsani?" Ya juyo gare ta. "Ga ɗan abokina nan, aikinsa irin naki, daga ɗaki yake yi. Ku zauna abinku, kowa da teburinsa, ba mai fita."

Ta hango teburan nan biyu a ɗaki ɗaya, ta ji iska ta yi mata kaɗan. Amma bakinta bai taɓa iya musu da Baba ba. Ta ce, "To."

A makon ne kuma kamfani ya sanar cewa an soke zuwan Laraba gaba ɗaya, kowa ya je ya kwaso kayansa. Laraba biyu ta wuce tana ɗaki. Saƙonsa ya zo:

"Na ji an yi miki miji mai kujera mai juyawa. Ba na jin haushinki. Amma lif ya tsaya jiya a wurinmu babu kowa a ciki, na tsaya ina yi masa magana kamar wawa."

Ta karanta, ta kifa wayar, ta yi kuka ba sauti don makirfon ɗin mitin na kusa.

Ranar kwaso kaya Baba ya ce shi zai kai ta. "In ga yaron nan, in faɗa masa da bakina ya fita harkarki."

Suka shiga lif. Shida. Bakwai. Ƙugi. Cak.

Ba ta taɓa ganin Baba haka ba. Gumi ya keto masa, ya dafe bango yana jan wuyan rigarsa. Ta danna jan maɓalli, ta buɗe baki, sai ya ɗaga mata yatsa: ki yi shiru.

"Ana ji. Mutum nawa ne a ciki?"

"Buɗe mana! Ba iska a akwatin nan!"

"Akwai iska, Baba, tsoro ne ya zauna a kanta. Ku ja numfashi, mu ƙirga huɗu. Ba zan motsa daga nan ba sai kun fito."

Baba ya ƙirga. Can ya ce, "Kai, me ya zaunar da kai a mataccen gini?"

"Bai mutu ba, barci yake. An ce saman za a mayar gidajen zama, kuma tsoho ba zai hau tara da ƙafa ba. Ko ba a mayar ba, garin nan cike yake da lif masu taurin kai." Aka ji ƙarar spana. "Ku ci gaba da magana, Baba, tana rage tsoro. Wata ma ta taɓa maƙalewa daidai inda kuke."

"Ta yi yaya?"

"Ta fi ku ihu. Amma daga baya ta ce min minti ashirin ɗin nan sun fi mata sauƙi a kan ɗakinta, don a nan ta san wani na ƙoƙarin buɗe ƙofa. Mahaifinta mutumin kirki ne, har tebur ya sa aka yi mata. Bai dai sani ba ne, ita kuma ba ta iya faɗa."

Baba ya juyo a hankali ya dube ta. Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan jakar kwamfuta.

"Haka ne?" ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Kwana shida a mako, Baba," ta ce. "Yanzu bakwai."

Sai yanzu Mai Lif ya ji muryarta, ya gane su waye a ciki. Spana ta faɗi ƙasa.

Da ƙofar ta buɗe, Mai Lif na durƙushe a bakinta, ya rasa inda zai sa idonsa. Ya goge hannunsa a wando sau biyu kafin ya miƙa.

"Bar gogewar nan," in ji Baba. "Riƙe ni da kyau, ɗana, gwiwoyina ba na jiya ba ne." Da ya fito ya huta, ya ƙara da cewa, "Ka ce wa yayan naka ya dawo. Amma ta matakala zan sauka."

Bayan wata biyar aka ɗaura aure. Baba ya dafa kawunansu ya ce Allah ya yi musu albarka, ya yalwata musu gida da zuciya, Mama na amsawa da amin tana share ido. Har yanzu daga gida take aiki, a hawa na takwas na ginin nan da aka mayar gidajen zama, teburin Baba na jikin taga mai kallon titi, inda mai shayi ya dawo da bencinsa.

Ranar da suka tare, lif ya wuce bakwai sumul bai ko yi tari ba.

"Ka gyara shi," ta ce, kamar da ɗan takaici.

Ya yi murmushi, ya sa ɗan mabuɗinsa ya murɗa. Lif ya tsaya cak.

"Mun iso, Bakwai da Rabi. Yanzu faɗa min, mutumin nan na littafin ya dawo gida?"

"Ya dawo," ta ce. Wannan karon numfashinta lafiya lau.